Ajiya Ɗaya Ba Ajiya Ba Ce: Jawabi Kan Adana Hotunan Wayar Hannu

Jawabin wayar da kai, domin jama'ar Kwantagora da sauran 'yan ƙasa masu karanta Hausa



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a ga wata dukiya wadda kusan kowane gida ya tara a 'yan shekarun nan, amma kuwa ba kowa ne ya yi mata tanadi ba. Wannan dukiya ita ce hotunan da ke cikin wayar hannu.

Marigayi Sarkin Sudan na Kwantagora, Alhaji Sa'idu Namaska, Allah ya jiƙansa, ya hau gadon sarauta a 1974, ya rasu a 2021. Duk wanda ya rayu cikin shekarun nan arba'in da bakwai ya ga yadda sha'anin hoto ya juya. A farkonsu, sai ranar Salla ko ranar biki magidanci kan sa rigarsa ya tafi wurin mai hoto, a ɗauke shi, ya jira kwanaki kafin a wanke. Hoto guda kan shekara talatin a rataye a zaure. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga bisani kuma aka sami mai ɗaukar hoto, sai ya zama yarinya ɗaya na iya ɗaukar hoto ɗari a wunin suna guda. Hotuna sun yawaita ƙwarai, amma kwanansu ya gajarta. Akwai gidajen da har yanzu suna da hoton kakansu na takarda, alhali kuwa hotunan ɗansu na shekara biyar da suka wuce sun tafi tare da wayar da ta ɓace.

ABIN DA KE CIKIN WAYA

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi a Kwantagora. Ya shekara takwas yana ɗaukar hotuna, in ya sayi sabuwar waya sai ya zare memori ya mayar cikinta. A cikin memorin nan akwai hoton mahaifiyarsa a Sallar ƙarshe da ta yi a duniya. Akwai saukar karatun ɗansa da auren ƙanwarsa. Har ila yau akwai hoton takardar gonarsa, da rasidan lodin masara, da takardun shaidar karatun 'ya'yansa. Ran kasuwa, cikin cinkoso, wani ya zare wayar daga aljihunsa. Waya dai zai sayi wata kafin mako ya zagayo. Fuskar mahaifiyarsa fa, wace kasuwa zai je ya sayo ta?

Irin wannan hasara tana aukuwa kowace rana, ta hanyoyi da dama. Akwai sata da ƙwace. Akwai faɗuwa cikin rijiya ko bokitin wanki. Akwai gobara, akwai ruwa. Ambaliyar da ta auka wa garin Mokwa a nan Jihar Neja a ƙarshen watan Mayu na 2025 ta ci rayuka fiye da 150, ta kuma tafi da gidaje da abin da ke cikinsu. Haka nan waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, da yawa sun fito ne da rigar jikinsu kawai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa masu rai da alheri. Wanda ya tsira daga irin wannan, in akwai kwafin takardunsa da hotunan iyalinsa a wani gari, ya sami abin kamawa wajen sake ginin rayuwa.

Akwai kuma wata hasara wadda ke zuwa shiru, ba ɓarawo ba ruwa. Memori da filashi suna riƙe hoto ne ta hanyar ɗan cajin lantarki da ake tsarewa cikin wasu 'yan ƙananan gurabu waɗanda ido ba ya gani. Wannan caji yana zurarewa sannu a hankali, zafi kuwa yana ƙara masa sauri, ga shi kowa ya san zafin bazara a ƙasar nan. Saboda haka filashin da aka jefa cikin akwati aka mance da shi shekaru yana iya wayar gari ya ƙi buɗewa. Daɗin daɗawa, kasuwa cike take da memori na jabu. Za a ga an rubuta gigabait 128 a jikinsa, alhali cikinsa bai kai kashi ɗaya bisa goma na haka ba. Yana ta karɓar hotuna ba musu, yana danne tsoho da sabo, mai shi bai sani ba sai ranar da ya je nema. Araha dai ba ta ado.

DARASI DAGA MAGABATA

Maganin wannan matsala tsoho ne, magabatan ƙasar nan sun san shi tun kafin a ƙago na'urar hoto. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa garin Kwantagora a 1864, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jika kuma ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Gidan da ya fito gidan littafi ne. Shehu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun wallafa littattafai masu yawa a zamanin da babu injin ɗab'i a ƙasar Hausa. Takarda kuwa gara na cinta, wuta na cinta, ruwa na wanke tawadarta. To, yaya aka yi littafi irin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, ya kai ga wannan zamani?

Amsar ita ce kwafa. Almajiri kan zauna ya juyi littafin malaminsa da hannu. In ya gama, sai a gwada juyinsa da na asali, a gyara inda alƙalami ya zame. Sau da yawa yakan sa sunansa a ƙarshe, wani lokaci har da ranar da ya gama. Daga nan sai ya ɗauki kwafinsa ya koma garinsu. Ta haka littafi ɗaya ya zauna a garuruwa da yawa, in gobara ta cinye na wannan gida, na wancan yana nan.

A ƙasar Mali ma an ga haka a wannan zamani. A watan Janairu na 2013 'yan bindiga sun ƙona tsofaffin littattafai kimanin dubu huɗu a cibiyar Ahmad Baba da ke Tambutu. Abin da ya rage zafin hasarar shi ne, tun kafin ranar, masu kula da ɗakunan karatu na iyalai sun riga sun kwashe dubun dubatar littattafai a ɓoye zuwa Bamako.

Abu huɗu ke nan aka koya daga magabata: a kwafa, a gwada kwafin da asali, a sa masa suna da kwanan wata, a kai shi nesa. Duk ilimin adana hotunan zamani bai wuce waɗannan ba.

ƘA'IDAR UKU, BIYU, ƊAYA

Masana wannan fanni suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ta cikin littafinsa na 2005. Ana kiranta uku, biyu, ɗaya.

Uku: kowane hoto mai daraja ya kasance yana wuri uku, watau na cikin waya da kwafi biyu.

Biyu: kada ma'ajiyar ta zama iri ɗaya duka. In ɗaya memori ne, ɗayar ta zama faifan ajiya na kwamfuta ko rumbun intanet, domin abin da ke kashe wani iri ba lalle ne ya kashe wani ba.

Ɗaya: kwafi guda ya zauna nesa da gida.

Manomin ƙasar Kwantagora ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Mai hankali ba ya zuba abincin shekara da irin shuka na baɗi a rumbu guda, domin ya san wuta ɗaya na iya raba shi da duka biyu. Haka nan wanda ya kwafe hotunansa a filashi, sannan ya sa filashin cikin jakar da wayar take, bai yi kome ba tukuna. Ɓarawon da ya ɗauki jakar ya ɗauki duka.

Game da yawan wurin da ake bukata, ga lissafi. Hoton waya guda yakan kai kimanin megabait 3. Mai hoto dubu ashirin ke nan yana bukatar kimanin gigabait 60. Faifan ajiya mai terabait ɗaya, watau gigabait dubu, zai ɗauki irin waɗannan hotuna fiye da dubu ɗari uku. Bidiyo shi ne mai cin wuri, don minti ɗaya nasa na iya cin wurin hotuna masu yawa. Shi wannan faifai, irin wanda ake jona wa kwamfuta, yana da faranti a ciki mai juyawa sau dubbai a minti guda. Ba ya son faɗuwa, ba ya son ƙurar hunturu ko laimar damina. A ajiye shi a inuwa cikin abin rufi, a cire shi daga kwamfuta da zarar an gama aiki. Wanda ba shi da kwamfuta, akwai filashi mai baki irin na cajar waya, wanda ake jona wa waya kai tsaye.

RUMBUN INTANET DA IYAKARSA

Rumbun intanet shi ne ajiyar da kamfanoni irin su Google da Apple ke yi wa mutum a manyan kwamfutocinsu. Amfaninsa babba ne. Yana nesa da gida, kuma in an kunna shi, waya na tura hotuna da kanta duk lokacin da ta sami data. Wanda wayarsa ta ɓace sai ya shiga asusunsa a sabuwa, ya tarar da hotunansa. Amma akwai abubuwa biyar da ya wajaba jama'a su sani.

Na farko, wurin kyauta ƙayyadadde ne. Tun ranar 1 ga Yuni, 2021, Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, ya mayar da su cikin gigabait 15 da yake ba mai asusu, wanda imel ma a ciki yake ci. Bisa lissafin da aka yi a baya, wannan bai wuce hoto dubu biyar ba. Na Apple kuwa gigabait 5 ne. In wurin ya cika, turawa ta tsaya, mutane da yawa ba sa lura.

Na biyu, rumbun yana bin waya kamar madubi. In aka share hoto daga manhajar hotuna, to, an share shi a can ma. Yana zama cikin kwandon shara na 'yan makonni, daga nan ya tafi. Yaron da aka ba waya ya yi wasa yana iya share na gida da na nesa da yatsa ɗaya.

Na uku, asusun da aka yi watsi da shi yana iya mutuwa. Daga watan Disamba na 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa yana iya share asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba, tare da abin da ke cikinsa.

Na huɗu, kamfani ma yana yin hasara. A 2019 kamfanin Myspace ya amsa cewa ya ɓatar da abin da mutane suka ajiye a wurinsa na shekaru fiye da goma, har da waƙoƙi kimanin miliyan 50, wajen sauya kwamfutocin ajiya.

Na biyar, mabuɗin rumbun shi ne kalmar sirri da layin waya. Mutane da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu asusu, ba su ma san kalmar sirrinsu ba. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Tun daga Disamba 2020 kuma aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka kuma toshe waɗanda ba a haɗa ba. Wanda ya rasa layinsa, ya kuma mance kalmar sirri, ya zama kamar mai rumbu cike da hatsi wanda aka toshe masa ƙofa.

Wajibi ne kuma a gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Wasu suna cewa ai hotunansu suna WhatsApp ko Facebook. Waɗannan wuraren hira ne da zumunci. Suna matse hoto su rage masa kyau don ya yi saurin tafiya, ranar da aka zo wanke shi a babbar takarda sai a ga ya dushe. Asusu kuma ana iya rufe shi ko a sace shi. In za a aika wa ɗan'uwa hoto domin ajiya, a aika shi a matsayin takarda, ta haka zai isa da cikakken kyansa.

YADDA ZA A FARA

Ga matakan da kowane gida zai iya bi.

1. A tattara. A nemo tsofaffin wayoyi da memori da ke cikin durowa da ƙarƙashin katifa, a juye abin da ke cikinsu wuri guda tun suna buɗewa.

2. A tace. Hoton da aka ɗauka sau goma, a zaɓi biyu. Hotunan barka da Juma'a da na tallace-tallace da aka turo, a share su. Sau da yawa su ne suka cika waya.

3. A sa suna. A raba hotuna jaka-jaka, kowace da shekara da abin da ya faru, misali: 2022, Babbar Salla, Kwantagora. Takardun gida da na gona da na makaranta su sami jakarsu daban.

4. A kwafa, kada a kwashe. In an juya hotuna zuwa faifai aka share na waya, wuri ɗaya suke har yanzu, an dai sauya musu ɗaki.

5. A gwada. Bayan an kwafa, a duba ko yawan hotunan nan ya yi daidai da na can, a buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe. Sabon memori ma a cika shi da hotuna a gwada buɗe su kafin a amince masa. A sayi kaya wurin wanda aka sani, a karɓi rasidi.

6. A kai nesa. A danƙa kwafi ɗaya hannun amintaccen ɗan'uwa a Minna ko Yawuri ko Sakkwato, ko kuwa a bar rumbun intanet ya tsaya a madadinsa. Wanda ya iya haɗa biyun ya fi.

7. A maimaita. A tsayar da lokaci wanda ba a mancewa, kamar bayan kowace Salla da bayan kaka, da kuma bayan kowane biki ko suna. Duk bayan shekara huɗu ko biyar a juye kome zuwa sabuwar ma'ajiya, kada a jira tsohuwar ta mutu.

Bayan waɗannan, a zaɓi hotuna hamsin ko ɗari waɗanda suka fi daraja a wanke su a takarda. Takarda ba ta bukatar caji ko kalmar sirri. A rubuta a bayan kowanne, da fensir, sunan mutanen da ke ciki da wuri da shekara. Tsofaffin hotunan takarda kuwa, a shimfiɗa su a inuwa da rana, a sake ɗaukarsu da waya, a zauna da dattawan gida su faɗi ko su wane ne tun suna raye. Hoton da ba a san mai shi ba, jikoki za su zubar da shi.

SIRRI DA AMANA

Yawaita kwafi yana da nasa haɗari, domin kowane kwafi ƙofa ce. Hotunan matan aure da 'yan mata da yara amana ne a hannun mai waya. Kafin a kai waya wurin gyara ko wurin caji, a zare memori, a kulle waya. Kada a ba mai tura waƙa da fim memorin da ke ɗauke da hotunan iyali, a sami wani daban domin wannan. In za a sayar da waya ko a bayar da ita kyauta, a tabbata an kwafe kome, a fita daga asusu, sannan a wanke ta tas ta koma kamar sabuwa. Ana kuma tunatar da masu sana'ar gyara da tura kaya cewa leƙen abin da ke cikin wayar mutane cin amana ne a addini da al'ada. Nijeriya tana da Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 da Dokar Kare Bayanai ta 2023, saboda haka yaɗa sirrin wani yana iya kai mutum gaban shari'a.

BAYAN RAI

Akwai magana ɗaya wadda ba a son yi, amma ba makawa. Magidanci kan rasu ya bar waya a kulle, hotunan 'ya'yansa tun suna jarirai suna ciki, babu mai iya buɗewa. Ya kamata kowa ya rubuta sunan asusunsa da kalmar sirri a takarda, ya rufe cikin ambulan, ya ajiye tare da takardun gida, ya kuma shaida wa mutum ɗaya amintacce inda take. Kada a haɗa ta da lambobin sirri na banki. Google da Apple duka sun tanadi hanyar da mutum zai ambaci wanda za a ba damar karɓar ajiyarsa a bayansa, yana da kyau a nemi mai sani ya nuna yadda ake yi.

Wasu hotuna kuma sun wuce na gida ɗaya. Hoton hawan Salla na shekarun baya, da naɗin sarauta, da tsohuwar kasuwa, da ɗaliban farko na wata makaranta, duk tarihin ƙasa ne. Akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma Arewa House, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Iyalin da ke da irin waɗannan hotuna za su kyauta in sun tuntuɓi irin waɗannan wurare a kan ajiye kwafi, asalin kuwa ya zauna a hannunsu.

KAMMALAWA

Jama'a, wannan aiki ba ya bukatar digiri ko dukiya mai yawa. Ana kira ga matasa masu ilimin waya da su taimaki iyayensu, ga malaman makarantu da su koya wa ɗalibansu, ga masu unguwanni da limamai kuma da su isar da saƙon ga waɗanda wannan takarda ba ta kai gare su ba. Wanda ya gama karatu, ya ɗauki wayarsa yau ya tambayi kansa: in wannan ta ɓace kafin magariba, a ina kuma hotunan nan suke? In amsar ita ce babu, to, ya fara da hotuna goma da suka fi soyuwa gare shi da takardun gidansa, ya aika wa ɗan'uwansa na wani gari kafin ya kwanta. Saura sai a bi su a hankali. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah ya kiyaye dukiya da zuriya, ya zaunar da ƙasa lafiya. Wassalamu alaikum.